Doguwar Safa a Cocin Bruges

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranakun duniya. Ita ce ranar da na tafi kallon tsofaffin coci-coci a ƙasar Beljiyam, na ƙare ni ce abin kallon.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ban daɗe da zuwa Landan ba, na biyo maigidana da yake karatu a wata kwaleji a Bloomsbury. Muna zaune a wani ɗan flat a Lewisham, saman shagon mai gyaran takalmi. Da safe ya ɗauki jakarsa ya fita, ni kuma in zauna da hitar ɗumama ɗaki da talabijin, ina kallon mutanen da ba na jin rabin abin da suke faɗa. Mata biyu ne suka raba ni da kaɗaici. Ta farko Anti Rifkatu, maƙwabciyarmu, nas ce, 'yar Kudancin Kaduna, 'yar Katolika ta gidi, mace mai saurin tafiya da saurin yanke magana. Ta biyu Hajiya Memuna, mutuniyar zangon Kumasi, tana sayar da atamfa da busasshen kifi a kasuwar unguwarmu. Hausar Hajiya ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a bakinta. (Ranar farko da ta ce mini "Amariya, ka ci abinci?" sai da na waiwaya in ga wane namiji ne a bayana.) Su biyun duk Amarya suke kirana, har na haihu ma ba su daina ba.

Wata rana Anti Rifkatu ta hau wurina ta ce matan cocinsu sun yi booking ɗin bas, za su je wani tsohon gari da ake kira Bruges, a je da safe a dawo a ranar, kuma akwai sauran kujeru. Hajiya ta riga ta ce za ta. Ni ma in zo in sha iska.

Da na gaya wa maigida ya ɗago kai daga littafinsa. "Coci-coci za ku je gani?"

"Gine-gine ne," na ce. "Tarihi."

"Yaushe kika fara son tarihi?"

Bai dai matsa ba, ya je ya nemo mini biza. Gaskiyar maganar, hoto nake so. Ƙawayena a Kano sun ɗauka kullum ina yawon Turai, alhali iyakacina kasuwar Lewisham da ɗakin wanki na kan kwana. Ina son hotona a gaban wani dogon gini, ina murmushi kamar gidan ubana ne.

Anti Rifkatu ta ja mini kunne tun ana gobe. "Amarya, ki sa takalmi shimfiɗaɗɗe, ki sa kaya masu kauri. Garin duk dutse ne, kuma da ƙafa za mu zaga shi." Na ce to. Gari na wayewa na fito cikin leshina na lefe, ruwan zuma, da ɗaurin ɗankwali mai tsayi, da takalmi mai tsini. Maganin sanyi kuwa na riga na tanada a ɓoye. Na sayi doguwar safar nan ta matan Turawa, wadda take tasowa daga yatsun ƙafa har ƙugu, in sa a ƙarƙashin zani ba wanda ya sani. Lokacin da nake saye a kasuwa, mai rumfar ta tambaye ni wani abu da sauri, ni kuma don kada a ce ban ji Turanci ba na ce mata "yes". Daga baya na gane girman jikina take tambaya. Wadda ta ba ni, ina jin ta 'yan makaranta ce. Da kyar na ja ta ta kai ƙugu, na ce ai roba ce, za ta saki.

Anti Rifkatu ta dube ni daga sama har ƙasa a bakin bas. Hajiya ta ce, "Kai, Amariya, biki za ka?"

Lokacin ba a haƙa hanyar ƙarƙashin teku ba, don haka bas ta kai mu Dover, ta shige cikin jirgin ruwa da mu gaba ɗaya. Ni da ban taɓa hawa ko kwalekwale ba, cikina ya dinga juyawa. Hajiya kuwa ta buɗe kwanon shinkafa da wake da yajin kifinsu na Gana tana ta miƙa wa matan coci, su ma suna ta karɓa. Na kwantar da kai a jikin taga ina salati har muka ga ƙasa.

Garin yana da kyau, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Ruwa ya ratsa tsakanin gidaje kamar tituna, ga ƙananan gadoji, ga dawaki suna jan keke da baƙi a ciki. Gidajen jan bulo ne, masu tsinin kai, sun jingina da juna kamar tsofaffin da suka gaji. Sai dai ƙasan, kamar yadda aka gaya mini, duwatsu ne aka jera, kuma tsakanin kowane dutse da ɗan'uwansa akwai rami daidai tsinin takalmina.

A ƙofar coci ta farko na sunkuya zan cire takalmi, Anti Rifkatu ta riƙe hannuna ta ce a nan ba a cirewa. Muka shiga. Ban taɓa shiga coci ba sai ranar, kuma abin da ya fara kama ni shi ne tsayi. Ka ɗaga kai har wuyanka ya yi ciwo ba ka gama ganin rufin ba. Tagogin gilasai ne masu launi, rana tana ratsowa tana zuba ja da shuɗi a ƙasa. Ga sanyi, ga ƙanshin kyandir, ga shiru irin wanda ko tari ka yi sai ya je ya dawo maka. Mai yi mana bayani, wata doguwar Baturiya, ta ce kakanni sun fara ginin, jikoki suka ƙarasa. Sai ta nuna mana ƙasan da muke takawa, manyan duwatsu masu rubutu, ta ce kaburburan manyan garin ne.

Hajiya ta yi tsalle gefe. "Subhanallahi! Ba su da maƙabarta ne?"

Daga nan ta koma bin gefen bango. Ni ma da zan iya da na bi ta, amma a lokacin wata damuwar ce ta fara taso mini. Safa ta bar ƙugu.

Ba faɗuwa ta yi gaba ɗaya ba, da ma haka ta yi da na huta. A hankali take sauka, kowane taku ta ɗan zame. A coci ta biyu ta iso cinya. Ina tafe ina ɗan tsayawa kamar mai nazarin wani zane, in sa gwiwar hannu in ɗan ja ta ta saman zani, ta hau kaɗan, in yi taku biyu ta koma inda take har da ƙari. Anti Rifkatu kuwa ba ta ganin kowa. Ta ce tun tana yarinya take ganin irin waɗannan wurare a kalandar gidansu. Na ga ta kunna kyandir a wani lungu, ta share ido da gefen mayafinta. Daga baya ta ce mini don mahaifiyarta ne da ta rasu ba ta samu zuwa jana'iza ba. Na tausaya mata ƙwarai, amma ko a lokacin rabin hankalina yana ƙarƙashin zani.

Za ku ce me ya hana ni gaya musu? Girman kai. Matar da ta ce mini in sa kaya masu kauri na ƙi, ita zan je in ce wa safata tana zamewa? Na dai ce ina son zagawa, ta ce akwai wurin a inda bas take jiranmu, saura coci ɗaya mu gama. "Yi sauri, Amarya, za su rufe."

Kafin mu kai coci ta ƙarshe safa ta sauko gwiwa, ta haɗe mini ƙafafu. Tafiya nake irin ta jakin da aka yi wa dabaibayi. Hoton da na zo dominsa ma na manta da shi.

Wannan cocin ta fi sauran duhu, ba ta kuma da baƙi da yawa. Wani yana can sama yana gwada molon cocin nan mai manyan bututu, a hankali. 'Yan tawagarmu suka wuce gaba wajen wani mutum-mutumin farin dutse, ni na tsaya a baya ina rarraba ido. Sai na hango wasu ƙananan ɗakuna na katako a jikin bango, an yi musu sassaƙa mai kyau, kowanne da labule mai kauri. Ina kallo wata tsohuwa ta ɗaga labule ta fito tana gyara ɗankwalinta tana ɓalla maɓallin kwat. Na ce alhamdu lillahi. Ai irin ɗakin gwada kaya ne na kantunan Landan. Har na yaba wa Turawa a raina, na ce mutanen nan ba abin da ba su tanada ba.

Akwai wasu tsofaffin mata a zaune a benci kusa da wurin, sun sunkuyar da kai. Na ɗauka hutawa suke. (Layi ne. Na tsallake layin tsofaffi, a ƙasar mutane, ina musu murmushi.) Na ja ƙafa na shige, na saki labule.

Ciki duhu, wurin bai fi tsayuwar mutum ɗaya ba. A ƙasa akwai ɗan dakali mai laushi, na ce wurin ɗora ƙafa ne. A gefe akwai 'yar taga mai raga, na ce ta shan iska ce. Na kwance zani na maƙale bakinsa a haɓa, na kama safa da hannu biyu na fara kokawa. Ni kuma ina da wata ɗabi'a tun ina yarinya, in raina ya ɓaci ba na iya yin shiru, ko ni kaɗai ce sai na yi magana. Balle a nan da na tabbata daga ni sai Allah ke jin Hausa.

"Wannan wace irin azaba ce," na ce. "Ita ma Anti Rifkatu, sai ka ce saja. Coci ɗaya ba ta isa ba sai mun zaga na garin kaf? Wanda ya ga ɗaya ai ya ga duka. Ga Hajiya ta cika mana bas da warin kifi, har cikin leshina ya shiga. Shi kuma wancan yana can yana mini dariya a ransa, wai yaushe na fara son tarihi."

Na ja da ƙarfi. Farcena ya huda safar, na ji ta tsage tun daga gwiwa har ƙasa, kuma duk da haka ba ta hau ba. Hawaye ya cika mini ido.

"Wayyo Allah na tuba," na ce. "Na tuba, ba zan ƙara ba. Son a sani ne ya kai ni."

Sai na ji wani katako ya zame a hankali a bayan ragar nan, dab da kunnena. Muryar wani tsoho, namiji, ta ce da Hausa:

"Allah ya ji tubanka. Sannu da zuwa. Daga wane gari ka fito?"

Ku auna da kanku. Ina cikin duhu, a ƙasar da ko Turancin ma ba nasu ba ne, tun safe ina taka kaburbura, ga murya ta fito daga bango tana amsa mini tuba da harshen uwata. Abu biyu ne suka zo mini: ko aljani, ko kuwa ajali ne ya iso ana tambayata. Ihun da na yi, Hajiya ta ce ko a Dover an ji shi. Na yi waje da gudu, na manta ƙafafuna a ɗaure suke. Na tafi da labulen gaba ɗaya, na zube a gaban tsofaffin nan, zani a hannu, ɗankwali ya gangara ƙarƙashin benci, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri yana ƙara a kan dutse. Mai molo ya tsaya cak. Ina kwance ina ta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", cocin tana dawo mini da shi daga kowane lungu.

Wadda ta fara isowa kaina Anti Rifkatu ce, kamar da ma tana kusa. Ta ja labulen ta rufe ni. Hajiya ta taho da gudu tana haki.

"Amariya! Mene ya same ka?"

"Aljani," na ce. "Yana jin Hausa."

Ƙofar tsakiyar ɗakin katakon ta buɗe. Wani dogon tsoho Bature ya fito yana dafa bango, da baƙar riga da wani ƙyalle launin shunayya a wuya, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya juya mana baya saboda halin da nake ciki, ya yi magana yana kallon bango.

"Ku yi haƙuri. Laifina ne. Ni ba aljani ba ne, Fada ne."

Anti Rifkatu ta raɗa mini cewa ɗakin nan wurin furta zunubi ne. Mutum ya durƙusa a dakalin, ya faɗa wa Fada laifinsa ta ragar. Ranar Asabar da yamma kuwa lokacinsa ne. Na rufe ido na roƙi Allah ƙasa ta tsage, tunda da ma kaburbura ne, a ƙara da ni.

Hajiya ba ta ɓata lokaci ba. Ta ware babban mayafinta ta kare ni, ta sa hannu ta fizge safar daga ƙafata kamar mai fiɗar kaza, ta cusa a jakarta, ta ɗaura mini zani da kanta. Sannan ta juya wajen Fada, don ta ji irin Hausarsa. Ashe ya yi shekaru masu yawa a arewacin Gana, a kasuwa da zango ya koya. Ya ce tun da ya dawo gida bai ƙara jin wani ya yi ta ba. Da ya ji ta a bayan raga ya san ba mai furta zunubi ba ce, ya kamata ya yi tari tun farko, amma daɗin jin harshen ya hana shi, har bakinsa ya kufce. Yana faɗa idonsa yana ƙyalli. Nan suka tsaya shi da Hajiya suna lissafa garuruwa da abinci, ni ina tsaye da takalmi ɗaya, tsofaffin benci suna kallona.

Can Hajiya ta nuna ni da baki. "To Fada, mene ya faɗa maka a ciki?"

Na zuba wa Fada ido.

Ya girgiza kai. "Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita."

Ban taɓa jin ƙaunar wata doka ta addinin wasu ba kamar a wannan lokacin. Na yi masa godiya, na ba tsofaffin haƙuri da hannu, muka taimaka aka maƙala labule, muka fita. Har bas ban ɗaga kai ba.

A jirgin ruwa na dawowa na samu wani lungu na zauna. Anti Rifkatu ta kawo mini shayi, ta zauna kusa da ni, muna kallon ruwa. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ashe ni saja ce."

Shayin ya sarƙe ni. "Anti, Fada ne ya..."

"Fada bai ce komai ba. Labule ne, Amarya, ba ƙofa ba. Ina zaune a bencin."

Ashe ta baro tawaga ta zo ta bi layi, sai ta hango tsinin takalmina a ƙarƙashin labule. Ta ce ta rasa yadda za ta yi, ta jawo ni ne ko ta bari in gama. Tana cikin shawara na fara jawabi.

Na kama hannunta na shiga ba ta haƙuri, ina cewa wahala ce ta sa, ba har zuciyata ba ne. Na tuna kyandir ɗin da ta kunna, na tuna na ce wanda ya ga ɗaya ya ga duka, kunyar wannan ta fi ta faɗuwar. Ta bar ni na yi ta yi har na gaji, sannan ta ce:

"Kin san abin da ya kai ni layin? Tun safe nake zaginki a raina saboda takalmin nan. Shi zan je in faɗa. Kika riga ni shiga."

Muka dubi juna. Ita ta fara dariya, ni na biyo, har Hajiya ta taso daga inda take ta zo tana tambayar abin da aka yi. Anti Rifkatu ta ce ba komai, zancen saja ne. Zancen kifi kuwa ba ta taɓa faɗa mata ba, har Hajiya ta koma Kumasi.

Na roƙe su kada maganar ta wuce mu uku. Hajiya ta rantse. Ranar Juma'a maigida ya dawo daga masallaci, ya ajiye hularsa, ya zauna, ya dube ni da fuskar da ba wasa.

"Wani ɗan Gana ya tare ni a ƙofar masallaci," ya ce. "Wai iyalina ta je Beljiyam ta tuba a hannun Fada. Ya ce in yi haƙuri, in dage da addu'a."

Dole na zauna na ba shi labarin tun daga rumfar kasuwa. Ya yi ƙoƙari, ya daure har wajen aljani, daga nan ya sulale daga kujera. Sai da ya yi makonni yana bin mutane yana gyara zancen, kuma na san har yau akwai wanda bai yarda ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na riƙe shi. Duk inda zan shiga yanzu, ko ɗakin gwada kaya ne, ko lif, ko bayan labulen asibiti, sai na yi sallama na ɗan jira. In ba a amsa ba, in shiga. In kuma gulma ta taso mini a ciki, in haɗiye ta sai na isa gida.